Sawun Baffa a Kan Toka

Bana ruwa ya yi mana jinkiri a Tambuwal. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, iska ta kaɗa, mata su shiga kwashe shanya da gudu, sai kuma ya watse ya bar mu da zufa. Na share gona tun tuni, na sake wa sungumi ƙota, iri yana ajiye. Aikina ya koma duban sama, har wuyana ya ƙage. Ana cikin wannan zaman jira ɗiyata Rukayya ta dawo hutu daga jami'a, ɗauke da wani ɗan akwati mai launin ganye wanda bai fi tafin hannuna biyu ba.

Rukayya karatun dabbobin daji take yi. Ni dai na so ta zama likita, amma yaran yanzu ba a tanƙwara su. Ta ce wannan abin kyamara ce, kuma an ba su aikin gano irin halittun da ke shigowa gidajen mutane idan kowa ya kwanta. A cewarta kyamarar barci take yi, sai wani abu ya motsa a gabanta ta farka ta ɗauke shi, ko da a cikin duhu ne, har da sautinsa.

Na ce, "To madalla. Mun tura ki ki koyo allura, kin dawo mana da leƙen asirin ɓeraye."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ka dai bari ka gani. Kai za ka riga ni tashi."

Na ce Allah ya kiyaye, ni malamin makaranta ne da furfurata, ba ni da lokacin shirme.

Can bayan ɗakunan gidanmu akwai ɗan fili. Rumbu yana wurin, a kan duwatsun da kakana ya jera, kuma ko an sake rumbun sau nawa, a kan waɗannan duwatsun ake ɗora sabo. Gefensa akwai tsohuwar tsamiya wadda ta girmi kowa a unguwar. A jikin wani turke Rukayya ta ɗaure kyamarar, ta karkata idonta ƙasa, wajen gindin rumbu.

Ba sai na ɓoye ba, yarinyar ta ci ni. Kwana uku kawai, da na dawo daga masallacin asuba sai in shimfiɗa tabarma in zauna ina gyaran murya don ta ji ta fito. Ta ciro wani ɗan kati daga cikin akwatin, ta sa a kwamfutarta, mu zauna da kofin koko muna kallo.

Kai jama'a! Ashe shekara hamsin da 'yan kai ina kwana a gidan da ban sani ba. Filin nan da na sani da rana, mai kashin awaki da fasasshen tulu, a cikin hoton ya koma wani wuri fari-fari, toka-toka, shiru, kamar an nutsar da shi cikin ruwa. Sai ka ga bushiya ta fito daga ƙarƙashin kara tana tafe tana shinshina, ba ta sauri, ba ta tsoron kowa. Ta wuce. Hoton ya mutu. Ya sake farkawa, ga muzuru tsaye, idanunsa biyu suna haske, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya daɗe bai ajiye ba, kamar ya tuna wani abu. Wata rana tunku ne ya ratsa da jelarsa a miƙe. Wata rana kwaɗo ɗaya tal ya zo ya zauna a tsakiyar filin yana kumbura maƙogwaro, shi ma ruwan yake jira. Har akuyar maƙwabcina mun kama tana cin dangata, wadda mai ita ya sha rantse mini ɗaure take kwana.

Ina kallon nan sai kokon ya huce a hannuna ban sani ba. Wata safiya na ce wa Rukayya, "Ai mu ma da muna da irin wannan. Tamu da toka ake yin ta."

Ta ce, "Toka kuma, Baba?"

Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na fasa. Na ce ta je ta taya uwarta shara. Na zauna ni kaɗai, wata bazarar ta daban ta dawo mini ɗanya shar.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Daminar da ta gabata ba ta yi ba, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Gidanmu gandu ɗaya ne, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, tsakanin mahaifina da ƙanensa, Baffa Garba. Mahaifina mutum ne mai ƙarancin magana, idan ya faɗi abu sau ɗaya ya gama. Baffa Garba kuwa bakinsa ba ya hutawa, ga ban dariya, ga son daji. Shi ya koya mini karatun ƙasa tun kafin in iya karatun allo sosai. Mu tafi gona da sassafe, ya tsaya ya nuna mini da tsinke: wannan zomo ne, dubi yadda ƙafafun baya suke riga na gaba, wannan jan layin jelar damo ce, wannan dila ce, kuma da yunwa ta wuce, ga yadda take tsayawa tana komawa. Idan na canka daidai sai ya dafa kaina ya ce, "Ummaru, kai dai idonka na ƙasa na." Ba abin da nake so a duniya kamar in ji wannan kalmar.

A shekarar azumi cikin bazara ya faɗo. Zafin ba irin na faɗa ba ne. Da hantsi ƙasa takan ɗauki wuta, karnuka su tona rami gindin randa su kwanta, kurciya ta yi kuka sau biyu ta gaji ta bari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun gari. Da can, kafin gari ya waye kana jin luguden mata daga kowace kusurwa, taɓarya na amsa wa taɓarya. A shekarar nan sai turame suka kife. Idan ka ji daka a wani gida, a hankali ake yin sa, don kunyar maƙwabta.

Da sahur Inna takan dama kunu tsararo, wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Manya su sha, su ce sun ƙoshi, su turo mana sauran. Gari na wayewa maza su tafi sharar gona, a tattara kara da ƙaya a ƙona, a dawo kafin rana ta take. Mata kuwa su ɗauki ƙwarya da ɗan magirbi su bi daji neman gidan tururuwa. Idan an dace, a tona a tarar da ɗan hatsi da 'ya'yan ciyawa da tururuwa ta tara, a kwaso har da ƙasa, a zo a yi ta sheƙewa. Inna takan ce a bar musu kaɗan a ramin, su ma bayin Allah ne. Akwai kuma anza, 'ya'yan wani icce masu ɗaci kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Har yau idan na tuna warin ruwan anza sai yawu ya tsinke mini. Da magariba a sha ruwa da jiƙon tsamiya, a ci kwaɗon ganye da ɗan ƙuli idan an samu, a yi sallah, kowa ya kwanta a tsakar gida yana kallon taurari, ba mai ƙarfin hira.

Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka da murna. Gero ya tsiro, kore shar, layi-layi, har mahaifina ya yi murmushi. Daga nan sama ta rufe bakinta kwana ashirin. Muna kallo tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, iska ta kwashe shi.

Abin da ya rage mana masaki ɗaya ne na irin gero, sussukakke, zaɓaɓɓe. Mahaifina ya sa shi cikin rumbun da babu komai a ciki sai shi, ya rufe da faifai, ya tara gida ya ce, "Wanga shi na rayuwarmu ta baɗi. Ko wa za ya mutu, ba a taɓa shi." Kowa ya san idan irin nan ya tafi, ko ruwa ya dawo ba abin da za mu sa a ƙasa.

Bayan kwana biyu ya ɗaga jinkar rumbu ya leƙa, sai ya ga faifan a goce, irin ya ragu. Ya gyara. Washegari ma haka. Ba wai bai yi tunanin dabba ba, ai manomi ne. Amma ɓera a wurin yake ci, ya bar ƙaiƙayi da kashinsa. Wannan kuwa babu ɓarɓashi ko ɗaya, wurin tsaf, an dai yi rami a tsakiyar hatsin kamar an sa hannu an ɗiba.

Shi ne ya ce a barbaɗa toka. Haka ake yi a wurinmu idan ana son sanin abin da ke zuwa wuri a ɓoye. Da yamma a share gindin rumbu tas, a kwaso tokar murhu, a tankaɗe ta da rariya kewaye da shi, faɗin taku uku, ta kwanta lumui. Duk abin da ya zo, ko ƙwaro ne, sai ya sa hannu a takardar. Da yake ni ne mai idon ƙasa, ni aka ba aikin. Wayyo, yadda na ji kaina ya kumbura! Ina tankaɗe ina ja da baya, ina hura inda ta yi tudu, ban yarda ko kaza ta matso ba.

Safiyar farko na tsuguna na karanta: jerin tururuwa, da jan cikin ƙadangare a gefe. Shi ke nan. Aka leƙa rumbu, iri ya ragu. Safiya ta biyu, buzuzu ne ya ratsa ya bar ɗinkinsa, iri ya ragu. Ta uku ma haka. Inna ta fara zancen aljannun tsamiya, mahaifina ya daka mata tsawa. Gida ya yi nauyi. Kowa yana satar kallon kowa, idan aka haɗa ido a sunkuyar da kai.

Safiya ta fuɗu, rana ba ta fito ba, na zagaya baya. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a kan toka, sawun mutum, taku biyu zuwa, taku biyu komawa. Ƙafar hagu yatsu fuɗu gare ta. Duk gidan mutum ɗaya ne gatari ya taɓa cire wa ƙaramin yatsa.

Ni da bakina! Da na yi shiru na share da tafin hannu, wa zai sani? Amma yaro ne ni, an ba ni aiki, kwana uku ban samo komai ba, ga shi yau na canka. Wallahi ko sata ban kawo a raina ba, yabo nake nema. Na miƙe na ƙwala murya yadda har maƙwabta sai da suka ji: "Baba! Baba! Na gani! Ƙafar Baffa ce!"

Kowa ya fito. Mahaifina ya tsaya ya daɗe yana kallon tokar. Baffa Garba ya zo yana ɗaure wando, ya duba, ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Awo, ƙafata ta. Motsi nij ji bisa jinka kafin sahur, nit taso in duba. Ban ga komi ba, nik koma."

Mahaifina ya ce, "Motsin mi?"

"Ban sani ba, Yaya. Kamar ana yakushin ciyawa."

"Abin da ba shi da ƙafa? Kwana fuɗu muna zuba toka. Sawunka ɗai nika gani, Garba."

Dariyar ta bushe a fuskar Baffa. Ya dubi yayansa, ya dubi Inna, ya dubi matarsa da ke tsaye bakin ɗaki da goyo. Daga ƙarshe ya dube ni. Bai harare ni ba, da ma ya harare ni ɗin. Kallo ne kawai, sannan ya juya ya ɗauki buta.

Ba wanda ya furta kalmar sata, ko a ranar ko bayanta. Mahaifina dai ya ciro masakin ya kai ƙarƙashin gadonsa. Daga ranar iri bai ƙara raguwa ba, kuma wannan shi ya gama kashe Baffa, don kowa ya ce to ga shi nan. Maganar ta fita ta katanga, ta je rijiya, ta je kasuwa. Mutumin da yaransa ke kuka da yunwa, ai ba abin mamaki ba ne, haka ake faɗa cikin tausayi, kuma tausayin ya fi zagi ciwo.

Ruwa ya dawo kwana shida kafin sallah, da tsakar rana, da ƙarfinsa. Ina tuna ƙamshin ƙasa, da yadda muka fita tsirara muna tsalle, da Inna tana tara ruwan indararo tana kuka tana dariya. Washegari muka fita shuka. Baffa yana gaba da sungumi yana sara, ni ina bayansa ina jefa iri ina rufewa da diddige. Da can waƙa yake yi idan yana sara, har ya riƙa tsokanata wai ina zuba iri kamar mai rabon sadaka. Ranar nan daga safe har azahar ban ji muryarsa ba, sai ƙarar sungumi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Irin bai kai ƙarshen gona ba, wajen kashi ɗaya cikin uku haka muka bar shi fili.

Bai jira kaka ba. Ana gama noman farko ya ɗaure kayansa a kan jaki, ya ce zai koma Kebbe wurin dangin matarsa. Mahaifina bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. Aka raba gandu ba tare da an raba komai ba, don Baffa ko zangarniya ɗaya bai dawo ya karɓa ba.

Zumunci bai yanke ba, amma ya zama na gaisuwa. Idan an yi haihuwa a aika, idan an yi rasuwa a je. Da mahaifina ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, Baffa ya zo, ya yi kwana uku a zaure yana karɓar gaisuwa. Bai taka cikin gida ba. Ni kuwa na girma da abin a cikina, kuma in faɗi gaskiya, na yarda shi ya ɗiba. Nakan ce a raina yunwa ce, Allah ya yafe masa. Dubi ƙarfin hali, wai ni ne ma mai yi masa uzuri.

To, mu dawo bana. Rukayya ta gaji da bushiya da muzuru, ta ce tana jin kukan mujiya a kan tsamiya, tana son ta kama ta. Sai ta kwance kyamarar ta ɗaga idonta sama, yadda za ta ɗauki kan rumbu da reshen da ya miƙo bisansa. Reshen nan tun ina yaro yake, an sha datse shi yana sake tohowa, ganyensa na shafar tsinin jinka.

Da safe muka zauna kamar kullum. Hoton farko iska ce ta kaɗa ganye. Na biyu ma haka. A na uku sai ga wasu idanu biyu can cikin ganye, suna tahowa a hankali bisa reshen. Gafiya ce, ƙatuwa, da doguwar jelarta mai farin baki. Tana tafe kamar mai bin hanyar da ta sani tun kakanninta. Ta iso ƙarshen reshe, ta miƙa hannu ta kama jinka, ta sauka. Ana jin ƙarar ciyawa, ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ta cusa kai ta wata 'yar kafa, ta shige.

Hoton ya mutu, ya farka. Ga ta ta fito, kumatunta biyu sun kumbura tim kamar an cusa mata goro. Ba ta ci a wurin ba, ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Ta kama reshe, ta koma inda ta fito, ta haye katanga. Ta dawo wayam, ta sake shiga. Sau bakwai muka ƙirga. Ko sau ɗaya ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

Rukayya tana ta murna tana cewa, "Baba, ka ga dabara? A kumatu take ɗiba ta kai raminta. Ashe hatsinka take kwasa ba ka sani ba!"

Ina zan sani? Yanzu rumbun da hatsi a ciki, abin da gafiya za ta ɗiba ko a ido ba ya nunawa. Na ce ta mayar da shi baya. Ta mayar. Na ce ta ƙara. A karo na uku sai na ji kofin ya suɓuce, koko ya zube a tabarma.

Ta ce, "Baba, lafiya? Kuka kake yi?"

Na ce, "Ke dai sa mini wannan a wayata."

Na sani ba wannan gafiyar ba ce ta wancan zamani, ni ba mahaukaci ba ne. Amma icce ɗaya ne, duwatsu ɗaya, hanya ɗaya, ɗiba iri ɗaya. Mun tsuguna kwana fuɗu muna karatun ƙasa, mu duka, manya da yara, ba wanda ya ɗaga kai. Mutum ɗaya ne ya ce ya ji motsi a sama, shi kuma muka ƙaryata.

A ranar da yamma ruwan da muke jira ya sauka, mai yawa, har kwata ta cika. Da gari ya waye duk Tambuwal ta fita da sungumi. Ni na tura babur waje. Uwar Rukayya ta biyo ni har zaure tana cewa, "Malam, yau fa ranar shuka ce, ina za ka?" Na ce gonar ta jira, ai ta saba.

Hanyar Kebbe duk ta jiƙe. Ko'ina mutane ne layi-layi a gonaki, na gaba yana sara, na baya yana rufewa. Gara mai fiffike ta tashi tana bugun fuskata. Ina tafe ina shirya maganar da zan yi, in shirya ta rushe. A ƙarshe na lallashi kaina da cewa ba sai na yi magana ba, hoton zai yi mini.

Na tarar da shi zaune a kan buzu a inuwar zaurensa, ya rame, gemun ya yi fari fat. Rabona da shi shekara uku. Na yi sallama, na tsuguna.

Ya karkata kai ya ce, "Wa nika ji? Ummaru na?"

"Ni ne, Baffa."

"Ranar shuka? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Abu na kawo in nuna maka."

Ya yi dariya, irin tasa ta da, wadda na manta da ita. Ya ce, "Nuni? Ɗana, yanar ido ta rufe mani gani. Yanzu ko tafin hannuna ban gani."

Sai a lokacin na lura da farin da ya lulluɓe ƙwayar idonsa. Na zauna da waya a hannu kamar wawa. Na yi tafiyar nan duka don abu ya yi magana a madadina, ga shi dole sai bakin nan dai da ya yi ɓarnar.

Na gaya masa. Na faɗi zancen kyamarar Rukayya, da reshen tsamiya, da kumatun gafiya, da sau bakwai ɗin da ba ta taɓa ƙasa ba. Bai motsa ba. Sai na kunna, na ƙara sauti, na kara masa wayar a kunne. Ƙaras, ƙaras, ƙaras.

Hannunsa ya taso ya riƙe nawa da wayar gaba ɗaya, ya danna a kunnensa. Da ya ƙare ya ce in sake. Na sake.

Ya ce a hankali, "Shi na. Wanga motsin na nij ji."

Na ce, "Baffa, ni na yi ihu ranar nan. Kuma shekara arba'in ina zaton kai ka ɗiba. Ka yafe mini don Allah."

"Kai mi ka yi? Ƙafata ka gani, ƙafata ka faɗi. Ni na koya maka ƙasa, ban koya maka duban bisa ba." Hawaye na bin cikin gemunsa, bai share ba. Can ya ce, "Da dai Yaya ya ga wanga."

Muka zauna. Matarsa ta kawo fura, ba wanda ya taɓa. Don dai in cike shirun, kuma don haushin da ke cina, na ce da na koma gida zan sare reshen nan, in ɗana wa la'ananniyar tarko, in aiko masa da ita a gasa.

Sai ya lalubo bakin rigata ya damƙe, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

Ya ce, "Kul, Ummaru! Kada ka taɓa ta. Ta ci abin da taka ci. Duk duniya ita ɗai ta tsaya mani shaida."